Kokowa, dambe, tekwando ko judo: wanne ya dace da ɗan Chetimari?

Wasannin faɗa su ne wasannin da mutum biyu ke gwada ƙarfi da dabara bisa ƙa'ida, a gaban alƙali ko malami. Sun kasu gida biyu. Akwai na kamawa da kayarwa, irin kokowa da judo. Akwai kuma na duka, irin dambe da boks da karate da tekwando. Ana yin dukansu a ƙasar Nijar, sai dai ba kowanne ne yake kusa da yaron da ke zaune a Chetimari ba, ko a Gagamari, ko a ƙauyukan bakin Komadugu. Chetimari tana kan babbar hanya mai lamba 1, kusan kilomita 25 yamma da birnin Diffa, Yamai kuwa, inda hukumomin wasannin na ƙasa da manyan kulob-kulob suke, tana da nisan fiye da kilomita 1300. Wannan nisa yana cikin lissafin duk wanda zai zaɓi wasa.

Abin da ya fi yawan sa matashi ya yi zaɓen tumun dare shi ne ya fara da sunan wasan maimakon ya fara da bukatarsa. Ya ga fim ɗin Bruce Lee ko na Jackie Chan, ya ce shi karate zai yi. Ya ga an ɗora wa sarkin kokowa rawani a telebijin, ya ce shi ma takobi yake so. Bayan wata biyu sai ya gane abin da ake koya masa ba shi ne abin da ya kawo shi ba, ko kuma kuɗin mota zuwa Diffa sun ƙare, sai ya watsar. Wanda ke neman suna da abin sawa aljihu, da wanda ke neman rage tumbi, da uban da ke son ɗansa ya natsu, da yarinyar da ke son ta iya ƙwace hannunta idan aka riƙe ta, ba hanya ɗaya za su bi ba.

Kokowa: wasan da ke ƙofar gida

A Nijar kokowa ita ce sarkin wasanni, kuma ita kaɗai ce daga cikin wasannin faɗa da ɗan ƙauye zai fara ba da ko dala ba. Yashi ne kayan aikinta, yashi kuwa ba ya tsada a ƙasar Manga. Tun kafin a san gasa ta ƙasa, samari na kokowa a dandali bayan an gama girbi, gari ya gayyaci gari, ana kiɗa ana kirari. Hausawa na yi, Zabarmawa na yi, Barebari ma na yi.

Gwamnatin Seyni Kountché ce ta mai da ita gasar ƙasa. An yi karo na farko a Tahoua a shekarar 1975, Yacouba Kantou na Maraɗi ya zo na ɗaya. Daga nan gasar ta riƙa zagaya jihohi. A tsarin da ake bi yanzu, kowace jiha daga cikin takwas tana kawo ƴan kokowa goma, su tamanin ke nan. Jiha na karawa da jiha a kwanakin farko, duk wanda aka kayar ya fita daga neman takobi, waɗanda ba su faɗi ba su ci gaba har a rage biyu. Wanda ya yi nasara ana ba shi takobi da doki da rawani da miliyoyin kuɗi, ban da kyaututtukan da attajirai da ƴan siyasa ke shelantawa a fili. Diffa ta karɓi baƙuncin gasar a 2014, ta sake karɓa a karo na 43, a ƙarshen Disamban 2022 zuwa farkon Janairun 2023, inda Kadri Abdou, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ɗan jihar Dosso, ya ɗauki takobi. Shekara ɗaya bayan haka, a Agadez, ya ɗauka karo na shida.

Ga mai neman suna a cikin gida, babu wasan da ya kama ƙafar kokowa. Hanyarta a buɗe take kuma kowa ya san matakanta: daga dandalin gari zuwa zaɓen ƙaramar hukuma da na gunduma, daga nan zuwa zaɓen jiha inda ake tace goman da za su tafi. Ba a tambayar takardar lakwal, ba a tambayar ɗan wane ne. Sai dai lissafin yana da ɗaci. Mutum goma ne kawai jiha guda ke turawa, mutum ɗaya ne ke ɗaukar takobi a shekara, kuma faɗuwa ɗaya tak ta isa ta rushe shirin watanni. Akasarin ƴan kokowa, har da waɗanda ake jin sunansu a rediyo, suna da gona ko kiwo ko wata sana'a da suke ci da ita. Saurayin da zai bar gonar tattasai don ya ci abinci da kokowa zalla ya kamata ya yi wannan lissafi tun da wuri.

Akwai kuma maganar jiki. Gasar takobi ba ta raba mutane bisa nauyi, ƙato da ɗan siriri fili ɗaya suke shiga. Dabara na kayar da ƙarfi, an sha gani, kuma shi ne abin da ke tayar da ƴan kallo tsaye, amma a kwana bakwai ko takwas na karawa nauyi yakan yi halinsa. Mai ƙaramin jiki ya fi samun sarari a gasar kokowar Afirka ta tsakanin ƙasashe, inda ake raba aji bisa kilo, daga 66 har zuwa 120. An yi irin wannan kokowa a wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ta karɓa a 2005.

Abin da kokowa ke ginawa a jiki shi ne ƙarfin ƙugu da cinya da baya, da riƙon hannu, da iya tsayawa daram idan ana tura mutum ko ana jansa. Ba a duka a cikinta, wannan ne ya bambanta ta da kokowar Senegal ta manyan filaye, wadda ake haɗawa da naushi. Don haka kai ba ya shan bugu kamar a dambe. Raunukanta sun fi yawa a gwiwa da kafaɗa da wuya da yatsu, musamman idan ƙasar da ake yi a kai ta yi tauri ko kuma an haɗa yaro da wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

Walki da layu da guraye da kirari da makaɗa duk suna cikin kokowa, su ne ma ke ba ta armashi. Amma kuɗin da wasu ke zubawa wajen neman asiri, da sun sa rabinsa a abinci mai kyau da ganin likita, da gwiwoyinsu sun daɗe suna yi musu aiki.

Dambe da boks

Dambe wasan Hausawa ne da aka fi alaƙanta asalinsa da mahauta, waɗanda ke bin garuruwa lokacin kaka suna yanka suna dambe. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da ƙyalle da igiyar da ake kira kara, shi ne hannun duka, ɗaya hannun kuma yana miƙe a gaba yana tare da shi. Turmi uku ake yi. Idan hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an ce an kashe shi, wasa ya ƙare. A manyan gidajen dambe na Najeriya, kamar na Kano da na Dei-Dei a Abuja, ƴan wasa na rarrabuwa zuwa ɓangarori irin su Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus. Sunan Shago har yau bai ɓace ba, saboda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa. A shekarun baya-bayan nan bidiyon dambe ya bazu a YouTube da Facebook, har ƴan kallo daga wasu nahiyoyi suka san shi.

Dambe na kawo kuɗi nan take, daga kuɗin ƙofa da kyautar ƴan kallo, shi ya sa yake jan matasan da ba su da aikin yi. Amma shi ne mafi tsada a jiki. Ana yin sa ba hular kariya, ba safar hannu, sau da yawa ba likita a gefe, ba kuma awon nauyi na ƙwarai. Haƙori da ƙashin hanci da ido su ne ake gani. Abin da ba a gani ya fi muni. Duk lokacin da naushi ya girgiza kai har mutum ya ga duhu ko ya rikice, ƙwaƙwalwa ce ta bugu, ko da bai suma ba. Idan ya koma fili kafin ta warke, bugu na biyu na iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa, kuma taruwar irin wannan bugu shekara da shekaru na kawo mantuwa da rawar hannu da nauyin baki tun mutum bai tsufa ba. Wanda aka buga a kai ya yi amai, ko ciwon kai ya ƙi sauka, ko barci ya yi ta fizgarsa, wajen likita za a kai shi a ranar, ba wajen mai ɗori ba.

Boks, wato damben zamani, shi ma duka ne a kai, amma yana da aji bisa nauyi, da safar hannu, da robar haƙori, da alƙalin da ke tsayar da wasa, da likita. Shi ne ya fara kawo wa Nijar lambar Olamfik: Issaka Daboré ya ci tagulla a Munich a 1972, a ajin kilo 63.5, bayan ya je wasannin 1964 da na 1968. Ya rasu a Disamban 2021. Horon boks, ko da ba a taɓa shiga ringi ba, yana daga cikin mafi kyau wajen ƙona kitse da ƙarfafa numfashi: tsallen igiya, gudu, dukan buhu, dukan iska. Magidancin da burinsa lafiya ce kawai zai iya cika buhu da yashi da tsumma ya rataye a bishiyar gidansa, ya naɗe hannu da kyau, ya samu amfanin wasan ba tare da kowa ya taɓa fuskarsa ba.

Wasu iyaye na ƙin dambe da boks saboda malamai na hana dukan fuska. Kokowa ba ta da wannan matsala, ga kuma labarin da ya shahara a littattafan sira na kokowar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Rukana.

Tekwando da karate

Tun daga watan Agustan 2016 tekwando ya zama wasan da yaran birni ke ambata. A lokacin ne Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci azurfa a Olamfik na Rio, a ajin sama da kilo 80, bayan Radik Isaev na Azarbaijan ya doke shi a wasan ƙarshe. Shekara 44 ke nan Nijar ba ta ga lambar Olamfik ba tun ta Daboré. A 2017 kuma ya zama zakaran duniya a Muju, ƙasar Koriya ta Kudu. Labarinsa na da darasi iri biyu ga iyaye. Mahaifinsa ya hana shi wasan tun yana yaro, saboda wani ɗan'uwansu ya rasu sakamakon rauni a tekwando. Sannan kafin ya kai ga lambobin nan sai da ya tafi horo Jamus. Wato wasan ba wasan yara ba ne, kuma ƙololuwarsa ba a cikin gida ake hawa ba.

Tekwando ɗan Koriya ne, an raɗa masa wannan suna a 1955, ya zama cikakken wasan Olamfik a Sydney a 2000. Ƙafa ce jarinsa. A gasa ana turmi uku na minti bibbiyu, ana sa rigar kariya a ƙirji da hula a kai. Naushi a ƙirji maki ɗaya ne, shuri a ƙirji biyu, shuri a kai uku, shurin da aka yi da juyi kuma ya fi haka. Naushi a fuska haramun ne. Wannan ƙa'ida ta sa dogo siriri mai dogayen ƙafafu yake da riba, Alfaga kansa ya haura mita biyu. Yaron da a kokowa za a ce ba shi da jiki, a tekwando yana iya zama shi ne ake nema, kuma irin wannan ƙira ba ta da wuya a tsakanin Fulani da Tubawa da Barebarin jihar Diffa. Ajin nauyi na Olamfik huɗu ne ga maza, daga ƙasa da kilo 58 zuwa sama da 80, huɗu ga mata, daga ƙasa da 49 zuwa sama da 67.

Ga mai burin ya sa rigar ƙasa ya fita waje, tekwando ne yake da hanyar da aka riga aka share. Sai dai yana bukatar a fara da wuri, tun gaɓoɓi suna da laushi, yana bukatar kulob mai rajista da hukumar ƙasa don a samu lasisi da jarrabawar ɗamara, kuma kayan gasa na zamani masu ƙirga maki da lantarki suna da tsada. Ko ba jima ko ba daɗe, wanda ya yi fice sai ya koma Damagaram ko Yamai.

Karate ya fito daga tsibirin Okinawa, Gichin Funakoshi ya gabatar da shi a Tokyo a 1922. Yana haɗa hannu da ƙafa, kuma rabin karatunsa kata ne, wato jerin motsi da ake haddacewa ana yi mutum shi kaɗai. Ɗaya rabin shi ne karawa, wadda a gasa ake sarrafa bugu a cikinta, ba a sakin hannu gaba ɗaya. Sau ɗaya tak ya shiga Olamfik, a wasannin Tokyo da aka yi a 2021. Amfaninsa ga ɗan Chetimari shi ne kata ba ya bukatar abokin yi ko kayan aiki. Wanda ke samun zuwa wajen malami sau ɗaya a mako zai iya maimaita darasinsa a tsakar gida sauran kwanakin. Ya dace da yara, ya dace da wanda ya fara da girma, ya dace da mai son tsari da natsuwa fiye da gumurzu.

Judo

Wani malamin makaranta ɗan Japan mai suna Jigoro Kano ne ya kafa judo a 1882, ya cire mafi haɗarin dabarun tsohon faɗan jujutsu ya mai da shi tarbiyya. Sunansa ba shi da alaƙa da Kano ta Dabo, dace ne kawai. Judo ya shiga Olamfik a 1964. Ana kama rigar abokin karawa, a karya masa tsayuwa, a jefa shi a baya, ko a danne shi a ƙasa. Ɗan kokowa zai ga gida a cikinsa, domin ƙugu da ƙafa da sanin lokacin da nauyin mutum ya karkata duk iri ɗaya ne. Wanda ya taso da kokowa amma jikinsa bai kai na takobi ba, judo ne wasan waje da ya fi kusa da abin da ya riga ya iya, ga shi kuma da aji bisa nauyi.

Darasin farko a judo shi ne faɗuwa: yadda mutum zai sunkuyar da haɓa, ya bugi ƙasa da hannu, ya mirgina ba tare da ya kafa gwiwar hannu ko ya bugu a ƙeya ba. A rayuwar yau da kullum wannan ya fi kowane shuri amfani, domin wanda bai taɓa faɗa ba ma yana faɗowa daga babur ko amalanke ko bayan doki. Matsalar judo ita ce kaya. Rigarsa mai kauri ce, ta fi ta karate tsada, kuma ba a yin sa sai a kan tabarmar da ake kira tatami. A kan siminti karaya ce kawai. Inda babu tatami babu judo, duk abin da wani zai faɗa.

Maganar kare kai

Nan ne ake fi yaudarar mutane, kuma a wannan yanki yaudarar na iya cin rai. Tun harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa a Fabrairun 2015 jihar ta shiga dokar ta-ɓaci, kuma tun kafin nan, a ƙarshen 2014, mutanen Damasak da suka tsallako kogi sun cika Gagamari da Chetimari. Mutanen nan sun san abin da bindiga ke yi, ba sai an gaya musu ba. Babu wasan faɗa, na gida ko na waje, da ke tare harsashi, kuma dabarun ƙwace wuƙa da ake nunawa a bidiyo suna aiki ne kawai saboda mai riƙe da wuƙar ya yarda a ƙwace. Malamin da ya ce zai koya wa yaro ƙwace bindiga cikin wata uku, a tashi a bar masa wurin.

Abin da wasannin ke iya bayarwa ya fi wannan ƙanƙanta, amma na gaske ne: numfashin gudu, iya zama a tsaye idan an ture mutum, iya ƙwace hannu ko wuya daga riƙo, da rashin rikicewa idan aka yi masa tsawa ko aka kai masa hannu. Waɗannan ba sa samuwa sai a wasan da ake karawa da wanda ke turjewa da gaske. Shi ya sa shekara ɗaya ta kokowa ko judo ko boks ta fi shekara uku ta dukan iska amfani a wannan fanni. Galibin rigimar kasuwa ko ta tasha da cacumar kwala take farawa, nan kuwa ɗan kokowa ne a gidansa.

Akwai kuma ɗaya fuskar. Wanda ya koyi duka kuma ya yi amfani da shi a titi, kotu ba za ta tambaye shi launin ɗamararsa ba. Fim ɗin da Aïcha Macky ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya nuna matasan unguwar Kara-Kara da ƙungiyoyinsu da ake kira palais, masu ɗaga ƙarfe suna gina jiki, ba aiki ba makaranta. Ƙarfin da ba shi da mai tsawata masa nan yake ƙarewa. Ga uban da ke son ɗansa ya bar zaman fada, abin dubawa shi ne wane ne zai riƙe yaron, kafin a zo ga sunan wasan.

Mata, yara da manya

Filin takobi na maza ne, amma tekwando da judo da karate suna da ajin mata, kuma rigunansu na rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu. A tekwando ana barin mace ta sa ɗankwali ƙarƙashin hular kariya. Tekiath Ben Yessouf ta wakilci Nijar a Olamfik na Tokyo a ajin ƙasa da kilo 57, har ta kai wasan neman tagulla. Abin da iyaye za su tambaya shi ne ko akwai wasu ƴan mata a ajin, ko akwai babbar mace a wurin, da ƙarfe nawa ake tashi. Wasu na ƙyamar sunkuyon gaisuwa da ake yi a wasannin Japan da Koriya. Ana iya yin magana da malamin tun ranar farko, da yawa sukan yarda da ɗan rusuna kai ko gaisuwar hannu.

Yaron da bai balaga ba bai kamata a riƙa dukansa a kai ba, ko da wasa. Kokowa da sa'anninsa a kan yashi, ko judo, ko karate da tekwando marasa bugun kai, sun ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu motsa jiki na minti 60 a kullum, babba kuma aƙalla minti 150 a mako. Zama uku na awa ɗaya a mako sun cika wa babba wannan ma'auni. Wanda ya haura arba'in, ko yake da hawan jini ko ciwon suga, likita zai fara gani. Haka mai amosanin jini, wanda ake kira sikila ko emasi, domin gajiya mai tsanani da ƙishirwa na tayar da ciwon. Mai shirin shiga soja ko jandarma kuwa, gudu da lafiyar jiki za a gwada shi a kai. Kowane daga cikin wasannin nan zai taimaka masa, in dai bai je wajen awo da karyayyen haƙori ko gwiwa mai ciwo ba.

Malami da wuri

Idan an gama duk wannan lissafi, sai a dawo kan abin da ke akwai. Wasan da ya dace a takarda amma malaminsa na Yamai bai kai wasa na biyu da malaminsa ke bayan gida ba. Ma'aikatar matasa da wasanni ta jiha da ke Diffa ita ce wurin tambayar kulob ɗin da ke da rajista da kuma ranakun zaɓen ƴan kokowa. A ƙauye kuwa tsofaffin ƴan kokowa su ne makaranta, kuma kowa ya san su. Ɗan Chetimari da zai riƙa zuwa Diffa ya lissafa kuɗin mota na zuwa da dawowa sau biyu ko uku a mako, ya haɗa da kuɗin wata da na riga, ya kuma tabbata zai dawo gida kafin dare, tunda dokokin zirga-zirga a jihar na canjawa da yanayin tsaro. Ya duba kalandar gona ma: lokacin dashen tattasai da ban-ruwa da tsinka ba ya barin mutum da sauran ƙarfi da yamma.

Kafin a biya ko sisi, a je a zauna a kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. Malamin kirki yana fara wa da ɗumama jiki, yana haɗa yara bisa girma da nauyi, yana tsayar da karawa da zarar ɗaya ya rikice, kuma zai iya faɗin wanda ya koya masa da hukumar da ta ba shi ɗamara. Wanda ke dukan ɗalibai don ya nuna shi gwani ne, ko yake sayar da baƙar ɗamara cikin shekara ɗaya alhali a ƙa'ida shekaru take ɗauka, ba malami ba ne. A kalli tsofaffin ɗaliban ma, yadda suke yi da ƙanana.

Zafi ma abokin gaba ne. A watannin Afrilu da Mayu ma'auni na haura 40, don haka horo sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a kusa. A watan azumi a rage nauyin aiki ko a mai da shi bayan buɗa baki. Sai tramol, wanda wasu matasa ke haɗiya don kada su ji gajiya ko zafin bugu. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, ciwo kawai take ɓoyewa, mutum ya ci gaba da taka gwiwar da ta riga ta lalace, kuma yawan ta na jawo farfaɗiya da kamu. A gasar ƙasa da ƙasa ana awon fitsari, kuma tun daga Janairun 2024 tramol na cikin ƙwayoyin da hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya ta haramta a lokacin gasa.